Daji Rumbun Baƙo: Tarihin Abincin Daji a Wajen Hausawan Kasuwar Shanu



 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ƙaramin abu ne, amma ya daɗe yana ci mini rai. Wata rana da hunturu muna zaune a rumfar Baba a nan Kasuwar Shanu, sai ƙanena ɗan shekara 12 ya sayo magarya ta naira ɗari a wajen wata tsohuwa. Cikin wasa na ce masa, "Kai, ka taɓa ganin bishiyar wannan abin da kake tauna kuwa?" Sai ya ce ai shi a zatonsa daga Nijar ake kawo ta a buhu kamar dabino. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, can kuma sai na ga ya yi shiru. Da muka koma gida na ba kakarmu, wadda muke kira Inna, labari. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Maigidana, wannan abin da yaron nan bai sani ba, shi ya kawo ubanku garin nan da ransa."

Tun daga ranar nake tambayar tsofaffi, ina kuma karanta ɗan abin da ya sawwaƙa. Ni ba malami ba ne, iyakata sakandare. Abin da na tattara ne nake son mu duba tare.

Me ya haɗa baƙo da daji?

Kowa ya san Maiduguri ba tsohon birni ba ce kamar Kano ko Katsina. A shekarar 1907 ne Turawa suka kafa sansaninsu a nan, Shehu Abubakar Garbai kuma ya taso daga Kukawa ya zauna a Yerwa. Hausawa, waɗanda Barebari ke kira Afuno, sun zo ta hanyoyi daban-daban: wasu fatauci, wasu neman karatun Alƙur'ani domin Gabas ta yi suna a kan haka, wasu a kan hanyar zuwa Makka da ƙafa suka yada zango ba su ƙara gaba ba. Unguwar Hausari shaida ce. Da jirgin ƙasa ya iso a 1964 sai harkar shanu da fata da gyaɗa ta ƙara jawo mutane.

To, mai karatu, shi baƙo idan ya sauka a gari yana da ƙarfinsa da ɗan jarinsa, amma ba shi da gonar gado, ba shi da rumbun dangi da zai jingina da shi idan abu ya ɓaci. Kuka ko tsamiyar da ke cikin gonar wani tana da mai ita, sai da izini ake taɓawa. Amma abin da ya fito a dajin Allah, a bakin kogin Ngadda ko a fadamun Jere ko a kan burtali, na wanda ya riga kai hannu ne. Daji bai taɓa tambayar kowa takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ba. Shi ya sa Inna take kiransa rumbun baƙo.

Wani abin daɗi kuma, itatuwan da kakanninmu suka baro a ƙasar Hausa su suka tarar a nan, suna ne kawai ya bambanta. Abin da muke kira aduwa Barebari suna ce masa bito, magarya kuwa kusulu. Ita kanta Kukawa, wadda Shehu Laminu ya kafa a 1814, daga bishiyar kuka ta samo sunanta. Saboda haka matar da ta zo daga ƙasar Katsina ko Gumel, ko ba ta jin Barbarci ko kalma ɗaya, idan ta fita bayan gari ta san abin da za ta tsinka da abin da za ta bari.

Abin da matafiya suka rubuta

Cin abincin daji a ƙasar Barno ba da yunwa ya fara ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya iso Kukawa a 1851, ya rubuta cewa mutanen ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi suna tara ƙwayar ciyayin daji da ake kira kreb, suna abinci da ita kamar yadda ake yi da gero. Mata kan bi ciyawa da kwando suna kaɗawa, ƙwayar tana zubowa ciki. Har ila yau akwai shinkafar daji da ke fitowa da kanta a tafkuna, wadda masana tsirrai suka laƙaba wa sunan Barth ɗin, kuma bincike ya nuna ita ce uwar shinkafarmu ta gargajiya ta Afirka. Wato kafin a fara noma ta, tsinto ta aka fara yi.

Daga baya wani likita ɗan Sikotlan mai suna J. M. Dalziel, da ya yi aiki a Arewa, ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ilimin da Bature ya ga ya isa a buga shi a littafi fiye da shekara ɗari da suka wuce, a bakin manoma da mata da makiyaya ya ji shi. Mu jikokinsu kuwa mun san farashin mudu, ba mu san ganyen ba.

Zagayen shekara kamar yadda Inna ta lissafa mini

Na roƙe ta ta bi mini shekara daki-daki. Ta ce daga damina ake farawa, domin a lokacin ne rumbu ke yin ƙasa alhali sabon hatsi bai nuna ba.

Da ruwan farko gina take fitowa da dare, yara su kunna fitila su ajiye kwano da ruwa, a tara, a soya da gishiri. Bayan sati biyu ko uku ƙasa ta yi kore, sai ganye: tafasa, gasaya, rukuɓu, lalo, karkashi, da yaɗiya wadda ita ko da rani ba ta mutuwa. Tafasa tun tana ƙarama ake tsinkar ta, idan ta tsufa ta yi wari da ɗaci. A dafa, a tsane, a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli da barkono da albasa. A watan Agusta, inji Inna, gida da yawa kwaɗon tafasa ne abincin rana, tuwo sai dare. Kuma mace mai dabara ba ta cinye na damina duka, tana shanya lalo da karkashi da ganyen kuka a inuwa, ta daka, ta adana domin miyar rani. A ƙarshen damina ɗinya take nuna, a ci ta haka, ko a dafa ta a yi maɗi da alewa.

Da kaka, yayin da manomi ke girbin gero, marar gona shi ma yana da nasa girbin. Ciyayi irin su sabe da guɗe-guɗe sun yi ƙwaya, shinkafar daji ta nuna, kuma idan ruwan tafkuna ya fara ja da baya sai a shiga ciro bado, 'ya'yansa da saiwarsa duk ana ci. Bayan haka akwai kala a gonakin da aka riga aka girbe, wanda al'ada ta yarda da shi.

Hunturu shi ne sallar yara. Magarya, kurna, kanya, aduwa, tsamiya, 'ya'yan kuka da goriba duk a tsakanin Nuwamba da Fabrairu suke wadata. Magarya idan ta bushe ana daka ta a tankaɗe a yi tuwon magarya, wanda yake yin watanni bai lalace ba, fatake suna guzuri da shi. Aduwa a tsotse zaƙin, a fasa ƙwallon a fitar da mai. Garin 'ya'yan kuka a dama da nono ko a zuba a kunu. A lokacin ne kuma ake kamun fara, da dare ko da asuba sa'ad da sanyi ya kashe mata jiki, kuma kowa ya san soyayyiyar farar Maiduguri ta yi suna har ana kai ta tsaraba. Daɗin daɗawa ga ƙaro da ake ɗiba a jikin dakwara, yara su tauna, manya su tara su sayar.

Bazara ita ce mai wuya, rana ta ƙwalle, ƙasa ta bushe ƙamas. Amma cikin ikon Allah a daidai lokacin ne wasu itatuwa ke yin toho da 'ya'ya. Aduwa tana fitar da sabon ganye da fure, wanda ake kira dubagira, ana dafa shi a yi kwaɗo. Ɗanya da faru suna nuna gab da faɗuwar ruwa. A kudancin Barno inda ɗorawa take da yawa, garinta abinci ne, kalwarta kuma daddawa. Sai muruci, wato tsiron ƙwallon giginya, da ake tonowa a dafa.

Da ta gama sai ta ce, "Ka duba da kyau, akwai watan da Allah ya bari babu komai?" Na duba, babu.

Shekarun da aka ci rumbun har ƙasa

Bahaushe ya ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A shekarar wadata abubuwan nan marmari ne da kayan miya. A shekarar fari kuwa su ne tuwon.

Tsofaffi a ƙasar Hausa sun sa wa yunwar 1913 zuwa 1914 suna Kakalaba. Ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai a 1913, ga harajin Turawa da ake biya da kuɗi, ga kuma gyaɗa da mutane suka raja'a a kanta bayan jirgin ƙasa ya iso Kano. Wani masani mai suna Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita ta ƙasar Katsina, ya bi tarihin waɗannan yunwoyi a littafinsa na 1983, inda ya nuna cewa ba rashin ruwa kaɗai ke kashe mutane ba, har da yadda haraji da kasuwa suka raunana tanadin talaka. A irin waɗannan shekaru mutane sun tona gidajen tururuwa domin kwashe hatsin da ta tara, sun sussuka ƙarangiya duk da ƙayarta sun ci ƙwayar.

Wadda ta shafi gidanmu kai tsaye ita ce ta 1972 zuwa 1974. A lokacin Inna tana ƙauyensu a arewacin ƙasar Katsina da 'ya'ya biyu, Baba ne babba, bai fi shekara 4 ba. Gero ya ƙone tun bai yi kai ba, shanun kakanmu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce abin da ya riƙe su shi ne anza. 'Ya'yanta, da ake kira dilo, suna da ɗaci mai tsanani kuma suna cutarwa idan aka ci su haka, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana canza ruwa kafin a dafa su kamar wake. Wanda bai iya ba, ko yunwa ta hana shi haƙuri, sai ya kwanta ciwo. A 1974 suka hau babbar mota suka nufo Gabas, guzurinsu tuwon magarya da goriba. Kakanmu ya fara da jan shanu da ɗaure su a wannan kasuwa, ita kuma Inna tana fita bayan gari tare da matan Shuwa da na Barebari, ta tsinko ganye da damina, ta tsinto aduwa da rani, ta ci ta kuma sayar. Da wannan kuɗin ta sayi akuyarta ta farko a Barno.

Ba gidanmu kaɗai ba ne. Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana bibiyar ƙauyen Dagaceri da ke jihar Jigawa ta yanzu, kuma a littafinsa na 1989 ya lissafa gomman tsirrai da itatuwan da mutane suka ci a wancan fari. A shekarun ne kuma Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye sosai, Hausawa da yawa suka bi sabuwar ƙasar da ta buɗe wajen Baga suna noma da su. Ko a 2005, da yunwa ta taɓa yankunan Maraɗi da Damagaram, anza da ganye mutane suka koma wa.

Ranar da aka rufe ƙofar daji

Ni na riski wutsiyar wannan rayuwa. Ina tuna hunturun 2008, ina ɗan yaro, yayyenmu na unguwa sukan tafi da mu ta hanyar Dikwa, mu wuce Muna, mu yi ta jifan kurna da kakkaɓar magarya har la'asar, mu dawo aljihu cike, ƙafafu duk ƙaya. Wannan ce fita ta ƙarshe da na yi irinta. A watan Yulin 2009 rikici ya ɓarke, bayan 'yan shekaru kuma aka haƙa rami aka kewaye gari, bayan ramin ya zama wurin da ba a zuwa sai da shahada.

A nan ne bala'in da muka gani ya bambanta da na kakanninmu. Su fari ya cinye musu gona amma ya bar musu daji. Mu kuwa gona da daji aka haɗa aka rufe. Sambisa, wadda a da gandun namun daji ce, sunanta ma ya zama abin tsoro. A watan Yunin 2016 ƙungiyar likitoci ta MSF ta isa Bama, ta tarar da kaburbura fiye da 1,200 kusa da sansanin da mutane suka fake, da yawansu na yara. Waɗannan mutanen karkara ne da suka san kowace saiwa da kowane ganye, amma babu halin fita a nemo. A wannan shekarar ce kuma gwamnati ta dakatar da cinikin shanu a wasu kasuwanni saboda tsaro, abin da ya durƙusar da 'yan kasuwa irin su Baba na tsawon lokaci. Masu fita neman itace an sha kashe su a bayan gari. Sannan ga abin da ya faru a Koshebe ranar 28 ga Nuwamba, 2020, inda aka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari yankan rago, aka yi jana'izar mutum 43 a rana ɗaya. Allah ya jiƙansu da rahama.

Bugu da ƙari, ɗan dajin da ya rage kusa da gari gatari ya cinye shi. Jama'a ta ninka saboda 'yan gudun hijira, kowa yana buƙatar itacen girki, da aka lalata turakun wutar lantarki a Janairun 2021 kuma gari ya daɗe cikin duhu, sai buƙatar itace da gawayi ta ƙaru. Ba na ganin laifin mai saran itace, ciki ne ya tura shi. Amma aduwar da aka sare aka dafa tuwon kwana uku da ita, da an bar ta da ta ciyar da mutane shekara da shekaru. A cikin gari kuwa abin da ya fi yawa shi ne dogonyaro, wanda Turawa suka shigo da shi Barno wajen 1928. Inuwarsa ni'ima ce, babu musu, sai dai ba a miya da shi.

Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya mamaye Gwange da Gamboru da manyan kasuwanni, mun yi kwanaki kuɗi yana hannu babu inda za a saya. Garin masarar da muka tsira da shi, da busasshiyar kuka da karkashin da Inna ta rataye a buhu can saman ɗaki muka ci shi. Abin da muke yi mata dariya a kai, muna cewa tsohuwa ba ta zubar da komai, shi ya rufa mana asiri.

To, ina mafita?

Abin haushi, yayin da muke raina waɗannan abubuwa muna kiransu abincin ƙauye, duniya nemansu take yi. Tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka a ƙasashenta. Ƙaron da ake ɗiba a Barno da Yobe yana shiga lemon kwalba da alewa da magunguna a ƙasashen waje. A Damagaram akwai kamfani mai suna Sahara Sahel Foods da ke sayen anza da aduwa da magarya daga hannun matan karkara yana sarrafa su. Mu da muke taƙama da kasuwanci, ya kamata a ce mu muka fara ganin wannan.

Ga 'yan shawarwarina, kuma ba su buƙatar gwamnati. Na farko, duk wanda Allah ya bar masa tsoho ko tsohuwa a gida, ya zauna da su da takarda ko da waya, ya ɗauki sunan kowane tsiro, da watan da yake fitowa, da yadda ake gyara shi, musamman masu guba irin anza. Kuskure a nan yana iya kashe mutum, don haka kada kowa ya ci abin da bai sani ba sai wanda ya sani ya nuna masa. Na biyu, mai fili ko tsakar gida, idan zai dasa dogonyaro biyu, ya sa ɗaya ya zama kurna ko tsamiya ko kuka ko zogale. Haka ma harabar masallatai da makarantun allo da na Islamiyya. Na uku, idan muka ga tsohuwa da tiren aduwa ko kwanon tafasa, mu daina yi mata tayin wulaƙanci, domin Allah kaɗai ya san inda ta shiga ta samo shi.

Ni dai na fara da ƙanena. Akwai wata tsohuwar magarya da ta tsira a bayan wani gareji kusa da kasuwa, na kai shi ya gan ta, ƙayarta ta soke shi, ya tsinko da hannunsa. Ya kawo wa Inna guda bakwai a tafin hannu. Ta karɓa ta ce masa, "Yanzu ka fara zama ɗan gari." Ƙwallayen muka jiƙa muka binne a tsohon bokiti, biyu sun tsiro, muna jiran damina mu dasa su.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Barno da ƙasa baki ɗaya, ya buɗe mana dajinmu, ya jiƙan magabatanmu. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure kuma manya su gyara mini.